Saniyar Yalo ta Fumino

Matata Fumino ta rasu a farkon sanyi. Tun ranar da aka ƙone gawarta bisa al'adarmu ƙasusuwanta suke gidana a Tokyo, cikin tulu, tulun cikin farin akwatin katako, akwatin kuma a kan kantar littattafai, tsakanin ƙamus da rediyo. Wurin ya yi mata daidai. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana goge ƙurar kantar nan tana mita. Yanzu ni nake gogewa, ni nake mitar, ita tana saurara.

Yayarta Tomiye ba ta yarda wurin ya yi daidai ba. Tsohuwa ce mai shekara kusan tamanin, tana zaune a gidan ubansu can ƙauye a Yamagata, ita ke share kabarin zuriyarsu, kuma kowace Lahadi sai ta bugo waya.

"Malam, yaushe za ka kawo ta?"

Tun ranar bikinmu take kirana Malam, alhali ban taɓa koyar da kowa ba. Aikina gyaran kurakurai ne a maɗaba'a har na yi ritaya. A bakinta, Malam shi ne mutumin da ya san yadda ake rubuta shinkafa amma bai san yadda ake dafa ta ba.

"Tana lafiya inda take, Yaya."

"Ba ku da ɗa, ba ka da kabari. Na gidanku yana hannun babban wanka, kai kuma rabon da ku gaisa tun jana'izar uwarku. Ranar da ka faɗi a ɗakin nan, ma'aikatan gunduma za su shigo da safar hannu su kwashe ku tare da tsofaffin jaridu. Ƙanwata ba shara ba ce."

Haka muka yi ta yi har damina ta kama. Sai wata Lahadi ta zo da sabuwa.

"Bana ne Bon ɗinta na farko. Duk mamaci zai dawo gida ya kwana uku, ita ina za ta sauka? A gidan da ba a taɓa kunna ko tsinken turare ba?"

Nan ta faɗi gaskiya. Ba a taɓa yin Bon, bikin tarbar matattu, a gidana ba. Kowane Agusta Fumino takan tafi ƙauye ta yi da danginta, ni in zauna da fanka da littafi. Ban yarda matattu suna dawowa ba. Na san isassun mutanen da tun suna raye ba sa dawowa.

"Za a yi mata a nan," na ce. "Ki zo ki gani da idonki. In an yi daidai, ki ba wayar nan hutu ran Lahadi, ki bar mini matata."

Ta yi shiru na ɗan lokaci. Na ɗauka na rufe mata baki ne.

"Zan zo," ta ce.

Na karanta littattafai uku a kan bikin, biyu daga ciki cike da kurakuran ɗab'i. Na je wajen Kurata mai kayan miya a bakin lungu na sayi kokwamba, da dogon baƙin yalo, da damin karan rama, da kaskon kunna wuta. Da ya ga abin da na tara sai ya sunkuyar da kai ya fara yi mini ta'aziyya a karo na huɗu, na ce ya zaɓo mini kokwamba mai ɗan lanƙwasa kawai. Ana soka wa kokwamba ƙafafu huɗu na kara ta zama doki, don mamaci ya hau ya iso da sauri. Yalo ya zama saniya, don in zai koma ya tafi a hankali, ɗauke da tsaraba. Dokina na farko ya tsage biyu. Na biyu ya tsaya, yana ɗan ɗingishi. Saniyar kuwa ta fito sosai, ƙatuwa mai sheƙi, har na tsaya ina kallonta fiye da yadda ya kamaci mai hankali. Na shimfiɗa 'yar tabarma a kan tebur, na jera su, na sauko da akwatin na ajiye a tsakiya, na rataye farar fitilar takarda a bakin ƙofa kamar yadda ake yi wa wanda zai dawo karo na farko, don kada ya ɓata hanya.

Tomiye ta iso ran sha uku ga Yuli da yamma, da 'yar jaka guda. A saman jakar akwai babban farin ƙyalle a ninke, irin wanda ake naɗe akwatin mamaci a rataya a wuya. Ba ta ɓoye shi ba. A kan kujerata ta ajiye shi.

Ta rusuna gaban akwatin, ta haɗa tafin hannu, ta daɗe. Da ta ɗago sai ta dubi kalanda.

"Yuli," ta ce. "Ku mutanen Tokyo har matattu kun sa musu gaggawa. Namu a Agusta suke zuwa, tun kakan kakanmu."

"Ta yi shekara arba'in da ɗaya a nan. Ta koyi kalandar."

"Ta koyi haƙuri dai. Wannan doki ne ko kare mai ciwon ƙafa?"

"Zai kai ta."

"Ka juya masa kai ya kalli cikin gida, Malam. Shigowa za ta yi. Littafin bai faɗa ba?"

Ya faɗa. A shafin da ban kai ba.

Da rana ta faɗi, lungunmu ya fara hayaƙi. Gidaje biyu uku sun fito da kaskonsu. Na tsuguna a bakin ƙofa, na kakkarya karan rama, na ciro ashana. Tomiye tana tsaye a kaina da mafici.

"Daga ina za ta zo?"

"Me?"

"Tambaya na yi. Mu a ƙauye kabari muke zuwa, mu kunna fitila a can, mu riƙo wutar har gida, su kuma su biyo mu. Kai ga ka nan ka ba ta baya, kana hura wuta kana kiran wadda ke zaune a ɗakinka tun sanyi. Wanda bai fita ba ta yaya zai dawo?"

Rayuwata duka na yi ta ne ina kama jimlar da kanta ya saɓa da jelarta, ga shi wata tsohuwa mai warin ganyen da aka jiƙa a gishiri ta kama tawa a bainar jama'a. Matar gidan da ke kallonmu har ta daina fifita wutarta.

Na miƙe, na shiga, na rungumo akwatin, na fito da shi, na taka har bakin lungu, na ajiye shi kusa da tukwanen furen Kurata. Na dawo na ƙyasta ashana. Karan rama ba ya daɗewa, ya kama fal ya mutu. Kafin ya mutu na koma na ɗauko akwatin, na tsallake hayaƙin da shi, na shiga gida.

"Ga ta nan, ta fita ta dawo," na ce. "Akwai saura?"

Kurata ya tsaya a ƙofar shago baki buɗe. Tomiye kuwa ko a jikinta. Ta sunkuya ta kunna farar fitilar da ragowar garwashin, ta ce a hankali, kamar mai gaya wa yaro lokacin barci:

"Madalla. Ka tarbe ta. Wanda ya kunna wutar tarba shi ke kunna ta rakiya. Ran sha shida za ka sallame ta da hannunka, ni kuma in raka ta inda ake raka su."

A nan na gane dalilin shirun da ta yi a waya.

Kwana ukun da suka biyo baya ba na yi wa ko babban wana fatansu. Ta kwana a ɗakin Fumino, ta tashi kafin hankaka, ta sauya wa kowace tukunya mazauni. Ta zubar da man da nake soya ƙwai da shi, wai ya tsufa. Ta dafa siririyar taliya da kabewa ta jera a gaban akwatin cikin ƙananan kwanuka. Ni kuma na kawo kofi da gasasshen burodi da jam na 'ya'yan itace na ajiye a gefe.

"Mene ne wannan?"

"Karin kumallonta."

"Ba a ba mamaci burodi."

"Ita dai shi take ci. Kabewa kuwa ta tsane ta, a gidanku kawai take haɗiye ta don kada ki yi magana."

"Ƙarya kake."

"Ki tambaye ta, ai kin ce tana nan."

Ta ɗauke burodin. Na mayar. Da azahar na tarar da shi a kan katanga, tsuntsaye suna rabo.

A rana ta biyu zafi ya sa dokin ya fara yaushi, wuyansa ya sunkuya. Na ce bari in je wajen Kurata in sayo wata kokwambar in sake shi. Ta buge mini hannu da mafici.

"Ba a canzawa! Abin da aka ajiye ranar tarba, shi ya sha turarenta, shi ta sani. Kana tsammani haya ce, a sauke ta a ɗora ta a kan wani?"

"Littafin bai ce haka ba."

"Littafin bai binne kowa ba. Ni na binne Baba da Inna da mijina."

Na riƙe wannan maganar. Aikina ya koya mini cewa duk mai kafa doka da ƙarfin murya, wata rana za a karanto masa ita.

Da yamma muna zaune, fanka tana juyawa tsakaninmu kamar mai sulhun da ya gaji, ta ajiye kofin shayi ta ce:

"Bari in sauƙaƙa maka, tunda kai mai son hujja ne. In ka yarda ta zo, to baƙuwa ce, dole ta koma, kuma ba kan kanta za ta koma ba. In ba ka yarda ba, to abin da ke cikin akwatin nan ƙashi ne kawai, ba ruwanka da inda aka sa shi. Zaɓi ɗaya. Duk wanda ka zaɓa, ina da ƙyalle."

"Kin yi asarar kanki a gonar shinkafa, Yaya. Da lauya kika zama."

"Ita ma Fumino da manomi ta aura, da asararta ba ta kai haka ba."

Na koma wa littattafan nan uku ina neman ƙofa. Babu. Duk sun yarda a kan abu ɗaya: ran sha shida da yamma a juya kan saniya ya kalli waje, a kunna wuta, a sallami baƙo. Ba wanda ya rubuta abin da mutum zai yi in ba ya so.

Ran sha shida da hantsi Tomiye ta fita neman alewar da za a ɗora wa saniya a matsayin tsaraba. Ta bar ƙyallen a buɗe a kan tabarma, an goge shi tas. Na tsaya a gaban teburin. Saniyar ta ɗan motse, amma har yanzu da sauran nama a jikinta. Na ɗauke ta, na zare ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, na wanke ta, na yanka ta ƙwaya-ƙwaya. Na soya ta a sabon man da Tomiye ta saya, na zuba miso, daddawarmu ta waken soya, da ɗan sukari da citta, yadda Fumino take yi. Shi ne kaɗai girkin da na iya kamar nata. Na rufe wurin da saniyar take da kwanon kabewa.

Da ta dawo ta tarar da abinci a jere, sai ta dube ni da zargi.

"Yau kuma?"

"Ranar ƙarshe ce. A rabu lafiya."

Ta zauna. Ta ɗanɗana, ta tauna a hankali, ta ƙara. Ta cinye nata, ta miƙa hannu ta ɗebi rabin nawa.

"Sukari ya yi yawa," ta ce. "Amma dai ka koyi abu ɗaya a hannunta. Da na san akwai yalo a gidan da na yi mana tun jiya."

"Guda ɗaya ne."

Ba ta ji ba, ko ta ji bai shiga ba. Sai da rana ta yi sanyi, maƙwabta suka fara fito da kasko, ta je gaban teburin ta durƙusa don ta juya kan saniyar. Ta ɗaga kwanon kabewa. Ta duba ƙarƙashin tebur. Ta duba bayan akwatin. Sannan ta juyo, idonta ya sauka a kan karare huɗu da na jera a gefen farantina tun rana.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba, har ta Fumino a asibiti. Abin hawan mamaci ba a cin sa. Ko yaro ya sani. A kan yayyafa masa gishiri a naɗe shi a takarda, ko a binne shi.

Ta tashi ta nufi kicin. Na ji ta buɗe gwangwanin gishiri, na ji tana kurkure baki, tana tofarwa, tana sakewa. Ta fito ta tsaya a gabana.

"Ka ciyar da ni abin hawan ƙanwata."

"Har kin ƙara."

"Kai ba mutum ba ne. Tun ranar da ta kawo ka gida na gaya wa Inna, wannan mai ƙwayar idon kifin ba zai yi wa kowa kuka ba."

"Ba saniya, ba tafiya, Yaya. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Shago yana buɗe! Yanzu zan sayo wani!"

"Ba a canzawa. Abin da ya sha turarenta shi ta sani. Ko haya ce?"

A waje ana ta sallamar matattu, hayaƙi yana shigowa ta taga, wata mata tana cewa sai baɗi, ku sauka lafiya. Kaskona yana bakin ƙofa babu wuta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗi mai tsabta, irin na ranar da na kama kuskure a shafin farko na littafin wani farfesa.

Ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta. Ta fito ta durƙusa gaban akwatin, ta yi magana ƙasa-ƙasa da harshen ƙauyensu, wanda har yau rabinsa nake ji. Na gyara tsayuwa a bakin ƙofa, don na ɗauka za ta rungumi akwatin ta gwada ƙarfi. Ba ta taɓa shi ba. Dokin ta ɗauka, ta naɗe shi a hankici, ta sa a jaka.

"Ajiye wannan."

"Riƙe akwatinka, Malam. Ka ci nasara. Ran sha uku ga Agusta zan kunna fitila a kabarin Baba, in juya kan dokin nan ya kalli gidanmu. Shi ya kawo ta, shi ta sani. Hanyar ma ta sani, kowace shekara ta bi ta ba tare da kai ba."

"Kafin Agusta ya ruɓe."

"Mu a ƙauye mun san yadda ake ajiye kokwamba."

Ta sa takalmi, ta wuce ta gaban kaskon, ba ta waiwayo ba. Sai bayan ta sha kwana na lura ta bar farin ƙyallen a kan kujerata. Tomiye ba ta mantuwa.

Na mayar da akwatin kan kanta, tsakanin ƙamus da rediyo. Lahadi ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Wata Lahadin ma haka. Na samu duk abin da na nema. Kowace safiya nakan ajiye kofi da burodi, in karanta mata kanun labarai, in nuna mata inda suka yi kuskure.

Ran sha uku ga Agusta Tokyo ta zama fayau, kowa ya tafi garinsu, Kurata ya rage kayan shagonsa. Da yamma na zauna na buɗe baki zan gaya mata wani abu a kan zafin da ake yi, sai na ga ba amfani. Ban ce na yarda da komai ba. Kokwamba ce da karare huɗu, kuma ni na soka su. Amma ɗakin ya koma irin na kowane Agusta na shekarun nan, ni da fanka, ita tana can. Akwatin kuwa akwati ne, katako mai kyau, an yi masa haɗi ba ƙusa.

Washegari na sayi yalo mafi girma a shagon Kurata, na soka masa ƙafafu, na shimfiɗa masa auduga a kwali, na aika da shi ta masu kai saƙon gaggawa. Ban rubuta komai ba. Ta san ranar, ta san inda za ta juya masa kai.

Ran sha shida na kunna farar fitilar a bakin ƙofa, wadda ya kamata a ce an ƙone ta tun Yuli. Na bar ƙofa a buɗe har sauro ya cika gidan. Ran sha bakwai ma haka.

A ƙarshen makon aka kawo mini ƙunshi daga Yamagata. 'Yar roba ce mai murfi, an ɗaure ta da igiya. A ciki yalona ne, sukutum, ya sha gishiri ya yi shuɗi ya lotse, ga huda huɗu a cikinsa. Ina tsaye da robar a hannu waya ta yi ƙara.

"Malam, ya iso?"

"Ya iso."

"Ka ci da shinkafa mai zafi. Kada ka wanke shi da yawa."

"Yaya, ba ki sallame ta ba."

"Da me? Ba saniya, ba tafiya. Ba ni na rubuta dokar ba. Tana nan lafiya, jiya ma kabewa na dafa mata. An buɗe dutsen kabarin an share. Jirgin ƙasa na safe ya fi sanyi."

Ta kashe.

Na yanka yalon na ci da shinkafa. Gishiri ya yi yawa, kamar komai na gidansu. Na wanke kwano, na sauko da akwatin, na goge ƙurarsa. Ba kai ta zan yi ba, ɗauko ta zan je yi, kuma ban ga abin da zan ɗauko ta a ciki ba in ba shi ba. Haka na shirya in faɗa wa Tomiye a tasha. Na san irin kallon da za ta yi mini, na kuma san hannun wa ƙyallen zai koma kafin mu kai bakin mota.

Na ɗauko ƙyallen daga kan kujera na shimfiɗa. Ɗaurin da ake yi a wuya sai da na duba littafi.